Raddi ga masu cewa saiwar tizil na warkar da cutar Laim

A shekarar 2007 wani Bajamushe masanin tsirrai, Wolf-Dieter Storl, ya fitar da littafi yana cewa jiƙon saiwar tizil ya raba shi da cutar Laim, kuma zai iya raba wasu da ita. Shekara goma kafin shi, Matthew Wood, wani mai maganin gargajiya a Amurka, ya faɗi makamancin haka. Tizil tsiro ne mai ƙaya da Turawa a da suke taje ulu da busasshen kansa. Ita kuwa Laim, kaska ce ke ɗauke da ita a dazuzzukan Amurka da Turai. Ta ci sunan wani gari a jihar Konetikat, inda a 1975 aka ga yara da dama suna fama da kumburin gaɓoɓi, kafin Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar da ke jawo ta, wadda ake kira Boreliya.

Suka ce furen tizil yakan fara buɗewa kamar zobe a tsakiyar kan tsiron, sannan ya yi sama da ƙasa, tamkar jan zoben da ke faɗaɗa a fatar wanda kaska ta ciza, don haka tsiron da kansa ya nuna aikinsa. Muka ce kama da wane ba ta wane. Ƙwayar cuta ba ta san siffar fure ba.

Suka ce mutane sun sha, jan ya ɓace. A nan ne maganar ta fi haɗari. Jan zoben nan, wanda ke fitowa ga kusan bakwai ko takwas cikin goma na waɗanda suka kamu, yana gushewa da kansa cikin makonni, ko an sha magani ko ba a sha ba. Mutum ya ɗiga jiƙo a ruwa safe da yamma, ya duba cinyarsa ya ga fata ta koma daidai, ya yi hamdala ya ajiye kwalba. Alhali ƙwayar ta bi jini ta yi gaba. Bayan makonni sai a wayi gari ɓarin fuska ya saki, ido ɗaya ba ya rufuwa, ko bugun zuciya ya rikice har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wani sai bayan watanni gwiwarsa ta kumbura ta cika da ruwa. Duk wannan kuwa, a farkon ciwon, maganin doksisaikilin na kwana 10 zuwa 14 kan wadatar ga mafi yawan mutane. Waɗannan makonnin farko su ne jiƙon ke cinye wa mara lafiya, kuma shi ne abin da ya sa ba na iya yin shiru.

Suka ce bincike ya tabbatar. Wane bincike? Masana a Jamus sun gwada saiwar a ɗakin gwaji a 2011. Abin da aka tatso da ruwa da barasa, wato irin jiƙon da ake sayarwa, bai hana ƙwayar yaɗuwa ba. Sai wanda aka tatso da wani sinadari na daban ne ya nuna tasiri, shi ma a cikin kwalbar gwaji, ba a jikin mutum ba. A 2020 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka jera tsirrai da dama, tizil ya faɗa cikin waɗanda tasirinsu kaɗan ne ko babu. Wata saiwa da ake maganin zazzaɓi da ita a Gana, nibima, ta fi shi nesa ba kusa ba, amma masu binciken da kansu suka ce sai an ƙara gwaji kafin a yanke hukunci.

Da hujjar ta ƙi, sai suka sauya baki: wai tizil ba ya kashe ƙwayar, korar ta yake yi daga maɓoyarta zuwa cikin jini, kuma idan mara lafiya ya ji jikinsa ya tsananta, alamar aiki ce. Dubi yadda aka toshe kowace ƙofa. In ka samu sauƙi, maganin ne. In ka ƙara jin jiki, maganin ne. To yaushe za a ce bai yi ba? Tsanantar da likitoci suka sani tun zamanin maganin tunjere tana zuwa ne cikin kwana guda da fara maganin da ke kashe ƙwayar, ta wuce da sauri. Ba ta ɗaukar watanni.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce tsirrai sun sha ba duniya magani. Gaskiya ne. Kwinin daga ɓawon itace ya fito, atimisinin daga dangin tazargade, har Tu Youyou ta Sin ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Amma sai da aka ware sinadarin, aka auna yawansa, aka ba masu zazzaɓi, aka duba jininsu aka ga ƙwayar ta ɓace. Masu tizil ba su kawo mana irin wannan ba.

Akwai kuma waɗanda suka gama maganin asibiti amma gajiya da ciwon jiki ba su sake su ba. Kukansu gaskiya ne, kuma gwajin da aka buga a 2001 ya nuna tsawaita musu maganin ƙwayoyi har wata uku bai fi maganin je-ka-na-yi-ka ba. Waɗannan ma ana sayar musu da jiƙon, kuma gwajin da ya kayar da ƙarin maganin asibiti shi ne ya kamata tizil ya shiga kafin a karɓi kuɗinsu.