Zumunta A Ƙafa Take: Mu Je Wa Mutum Tun Yana Da Rai

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana maza, musamman ƙananan 'yan kasuwa irina da manoman karkara, a kan wani abu da muke gani kullum amma muke kau da kai.

Wani ƙanena da ke karatu a Ingila ya ba ni labarin wata al'ada ta mutanen can. Idan damuwa ta ci ƙarfin mutum har ya kashe kansa, abokansa ba sa tsayawa a kan ta'aziyya kawai. Sai su sa rana su yi tattaki mai nisa don tunawa da shi, jama'a su riƙa ba da gudummawa, a tara kuɗin a miƙa wa ƙungiyoyin da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwar maza. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ita ce Andy's Man Club, wadda aka kafa a garin Halifas a shekarar 2016, bayan rasuwar wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Andy Roberts. Mahaifiyarsa da surukinsa Luke Ambler, tsohon ɗan wasan zari-ruga, su suka kafa ta. Aikinta shi ne duk ranar Litinin da ƙarfe 7 na yamma maza su taru a ɗaki, a sha shayi, kowa ya faɗi abin da ke cin ransa, ba a biyan ko sisi. Mutum 9 suka zo zaman farko, yau kuwa rassanta sun bazu ko'ina a Birtaniya. A ƙasar Ailan ma akwai tattakin da suke kira "Daga Duhu Zuwa Haske", wanda ƙungiyar Pieta ta fara a birnin Dablin a 2009 da mutum wajen 400. Tun da duhun asuba ake tashi, a yi kilomita 5, gari ya waye musu suna tafe.

Da na ji wannan labari sai jikina ya yi sanyi, domin ni ma na rasa aboki. Shekara da shekaru rumfarmu na kusa da juna. Bayan an janye tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 kuma ta haura 1,000. Kuɗin mota ya cinye ribarsa, jari ya karye, masu bin bashi suka riƙa sallama da shi tun da sassafe. Mutumin da ke ba mu dariya ya koma shiru. Ya daina zuwa majalisa, ya rame, ya ce ba ya iya barci. Mu kuwa me muka yi? Muka ce masa, "Haba, kai fa namiji ne, ka daure." Wani ma har tsokanarsa ya yi cewa in bai yi hankali ba za a kai shi Dawanau. Alhali asibitin na nan kusa da kasuwarmu, amma babu wanda ya kama hannunsa ya ce zo mu je. Ba zan faɗi yadda aka same shi ba, domin iyalinsa suna raye. Abin da zan faɗa shi ne, ranar jana'izarsa an rufe rumfuna, jama'a ta cika hanya har maƙabarta. Ni kaina ina cikinsu, ina tafe ina tambayar zuciyata: wannan ƙafa da ta kawo mu yau, ina take lokacin da yake zaune shi kaɗai a zaure?

To jama'a, a nan maganar take. Mu ma muna tattaki, amma a bayan makara muke yin namu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce sai mutum ya mutu ba.

Na san wani zai ce wannan ciwon Turawa ne, mu Musulmi ne masu tawakkali. Babu musu, kashe kai haramun ne, kuma addu'a makami ce. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini da ciwon suga. Mai hawan jini yana addu'a yana kuma shan magani, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Don me mai damuwa zai zama abin gori? Tun muna yara ake gaya mana namiji ba ya kuka, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haka ne, riƙe sirri abu ne mai kyau, amma ciwo ba sirri ba ne. Magidanci yana ɗauke da cefane, kuɗin haya, kuɗin makaranta da hidimar dangi, in ya gaza sai ya ga kamar mutuncinsa ne ya zube, sai ya gwammace ya yi shiru.

Gwamnati ma tana da nata. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Madalla. Amma doka a takarda ba ta warkar da kowa. Likitocin wannan fanni ba su da yawa, asibitocin kuma suna manyan garuruwa, kamar Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Mutumin ƙauye kafin ya kai can kuɗin mota ya gama da shi. Ya kamata a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara su iya gane wannan ciwo tun da wuri. Haka kuma Final Kot ta Arewa ta 1960, a sashe na 231, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Majalisar Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Duk inda ya rage a ƙasar nan a share shi, domin tsoron 'yan sanda yana sa dangi su ɓoye mara lafiya maimakon su kai shi asibiti.

Shin mu ma mu fara irin tattakin Turawa? Ban ƙi ba, kuma ga ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara da duniya ta keɓe don lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma ina jin tsoron kada abin ya zama na raba riguna da ɗaukar hoto, manya su yi jawabi kowa ya watse. In za a yi, a ƙirga kuɗin a gaban jama'a, a san wanda zai riƙe da inda za su tafi.

Abin da ya fi wannan sauƙi yana hannunmu. Abin da mutanen Halifas suka kafa da ƙyar, mu mun gaje shi: ga majalisa a kowace unguwa, ga teburin mai shayi, ga dandali bayan sallar isha'i. Sai dai hirar ƙwallo da siyasa ta cinye lokacin. Shawarata ita ce, duk majalisar da ta ga ɗaya daga cikinta ya yi kwana uku bai zo ba, mutum biyu su tashi su je har gida. In ya fara magana a saurare shi, ban da dariya, ban da kai labarinsa gaba. In ya ce ya gaji da rayuwa, kada a ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da na kusa da shi a raka shi asibiti. Ƙungiyoyin kasuwa su ware wani abu daga kuɗin da muke tarawa don wannan hidima, masu bin bashi su ji tsoron Allah su sassauta wa wanda ya karye, limamanmu kuma su taɓo maganar a huɗubar Juma'a.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yaye wa kowa abin da ke damunsa, amin.

Wassalam.

Daga wani mai sayar da hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.