A Shigo da Jirgin Kwali Ɗakin Kimiyya

A ƙasashen Turai akwai wata daɗaɗɗiyar sana'ar hannu da ya kamata malaman kimiyya su dube ta da idon basira. Ana buga sassan jirgin sama a kan kwali, mutum ya yanka da almakashi, ya lanƙwasa, ya manne da gam, sai ga ɗan ƙaramin jirgi mai kama da na gaske. A ƙasar Polan, mujallar Mały Modelarz ta fara buga irin waɗannan zane-zane tun 1957, kuma galibi akan yi jiragen bisa ma'aunin 1:33. Ra'ayina shi ne, wannan aiki ya cancanci gurbi a ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare, kuma a fara da jiragen koyon tuƙi na sojan farko.

Dalili kuwa, jirage irin su Avro 504 na Ingila, wanda ya fara tashi a 1913, da Tiger Moth na 1931, da katako da yadi da waya aka gina mafi yawan jikinsu. Fukafukansu hawa biyu ne, turakun da ke riƙe da su suna fili, ba abin da ya ɓoyu. Ita takarda ta gefe ɗaya kawai take lanƙwasuwa ba tare da ta tattare ba, don haka ta fi dacewa da waɗannan siffofi miƙaƙƙu fiye da jiragen zamani masu sulɓi da kumburi.

To, ga darasin. Faɗin fukafukan Avro 504 kusan mita 11 ne. A ma'aunin 1:33 zai dawo kimanin santimita 33. Tsawo ya ragu sau 33, amma shimfiɗar fiffike ta ragu sau 33 × 33, wato 1,089, girman jiki kuwa sau 35,937. Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida a 1638, kuma ita ce ke mulkin jikin dabbobi. Saboda ita ne ƙafar giwa ta zama kamar turmi, ta barewa kuwa siririya. Saboda ita ne ɓera, mai yawan fata idan aka gwada da girmansa, ke saurin rasa ɗumin jiki, dole ya yi ta ci. Haka nan ɗalibin da ya naɗe takarda ta zama bututu, ya ga ta ƙi lanƙwasuwa, ya gane hikimar ƙashin tsuntsu mai rami a ciki. Gani ya kori ji.

Wani zai ce ai kayan yaƙi ne. Gaskiya ne an kai wasu Avro 504 fagen fama a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma babban aikinsu shi ne koyarwa, kuma abin da muke nema a jikinsu lissafi ne. Wani kuma zai ce lokacin jarrabawa ya fi muhimmanci. Amsa ita ce, rabo da ma'auni da girman jiki suna cikin manhaja, kuma abin da hannu ya auna ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da abin da aka haddace.

Batun kuɗi ma da sauƙi. Zane ɗaya ya isa aji guda, a kwafe shi a manna a bayan kwalin sabulu. Sharaɗi ɗaya ne, ya ku malamai: kada ɗalibi ya taɓa almakashi sai ya auna fiffike da rula, ya ninka da 33, ya faɗi faɗin jirgin na gaske. In ba haka ba, an yi ado ne kawai, ilmi ya tsere.