Masu Cewa "Na Kama IP Ɗinka", Wanne Daga Ciki Kuka Kama?

Yau faɗa na zo yi.

Abin ya ishe ni wallahi. Mutum ya danna link, sai wani mai kiran kansa haka ya turo masa wasu lambobi, wai ga IP ɗinsa nan, ko ya turo kuɗi ko a zo har ƙofar gidansu. Kuma a samu wanda zai tura! Duk don an cusa mana cewa IP kamar lambar NIN ce, guda ɗaya manne da kai. Ƙarya ce tsagwaronta.

Wayarka ba adireshi ɗaya gare ta ba. WiFi na ba ta nasa, galibi mai farawa da 192.168, data ma na da nasa daban. In akwai IPv6 za ka ga wasu dogaye, har da mai farawa da fe80, wanda ba ya wuce rawutar gidanku.

To wanne take ɗauka? Duk sanda za ta buɗe shafi, sai ta fara duba ƙofar da saƙon zai bi, WiFi ko data, sannan ta zaɓi adireshin wannan ƙofar. A IPv6 ma akwai ƙa'ida a rubuce, RFC 6724 ta shekarar 2012: ta guji adireshin da wa'adinsa ya ƙare, kar ta ɗauki na cikin gida in waje za ta, kuma ta fifita na wucin gadi, wanda ake sabuntawa akai-akai. Don masu bibiya irinku aka yi shi ai.

Shi kuwa 192.168 ko intanet ba ya shiga, rawuta ce ke musanya shi da nata. A data kuma kamfanonin layi kan tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi guda. Wato lambar da yake maka barazana da ita, ƙila kai da mutanen da ba ka taɓa gani ba kuke rabawa.

Iyakar abin da zai gani shi ne sunan kamfanin layinka da hasashen gari, shi ma sau da yawa kuskure. Kamfani ne ke da bayanan da za su kai ga sunanka, ba wani yaro a Messenger ba.

Kar ka tura ko sisi, ka yi blokin ɗinsa. Amma in ka rubuta password a shafin da link ɗin ya kai ka, nan ne matsalar take, je ka canza shi yanzun nan.