Daga Circle zuwa Kotoku: layin dogon da 'yan zangon Accra ke jira

Duk wanda ya sauka a mota a Circle, babbar mahaɗar hanyoyin Accra mai sunan Kwame Nkrumah, abin da zai fara gani shi ne gadar sama mai hawa uku. Sai ya gangara wajen kogin Odaw kafin ya lura cewa akwai layin dogo a wurin. 'Yan kasuwa sun baza gwanjo da takalma da kayan waya a gefensa, wasu ma a kansa, domin sun san ba kasafai jirgi ke zuwa ya tashe su ba.

Wannan layi shi ne ya tashi daga tashar tsakiyar Accra, ya bi ta Circle da Achimota da Amasaman da Kotoku, ya kai Nsawam, tafiyar kimanin kilomita 40. Ga mazauna Nima da Maamobi da New Town, waɗanda Circle ce ƙofarsu ta shiga gari da fita, babu wani aikin sufuri da zai taɓa rayuwarsu kamar farfaɗo da shi. Amma a cikin shekaru goma da suka wuce, hankalin gwamnatocin Ghana ya fi karkata ga wasu ayyukan, waɗanda suka fi shi tsada da ɗaukar ido.

Layin da Bature ya bari

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo a Ghana ne domin kwasar zinariya da koko da katako zuwa bakin teku. Layin yamma ya tashi daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, na gabas kuma ya haɗa Accra da Kumasi a 1923. Duka-duka tsohon layin bai kai kilomita 1,000 ba, kuma ko taku ɗaya bai wuce Kumasi zuwa arewa ba.

Duk da haka dogon ya shiga tarihin Hausawan ƙasar. Fataken da a da suke bin hanyar ƙasa zuwa Salaga neman goro sun koma ɗora shi a jirgi zuwa bakin teku, daga nan a kai shi Legas ta ruwa, ya hau wani jirgin zuwa Kano. Zanguna suka ƙaru a garuruwan kudu. A Accra, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu fili daga iyalan Odoi Kwao.

Bayan samun 'yanci, mota ta ƙwace fasinja da kaya, dogo ya riƙa lalacewa. Yau jirgin Accra zuwa Kumasi ya zama labari. Na kusa da gari, wato Accra zuwa Tema da Accra zuwa Nsawam, an sha gyarawa ana bikin buɗewa, sai ya yi aiki na wani lokaci ya sake tsayawa. A 2025 ma ma'aikatan kamfanin jiragen ƙasa na Ghana sun fito suna kokawa kan albashin watanni da ba a biya su ba. Lardin Accra kuwa, bisa ƙidayar 2021, ya haura mutum miliyan 5, kuma mafi yawansu trotro ce abin hawansu.

Alkawura da abin da suka haifa

A daren 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai sun kashe mutum fiye da 150 a Circle. A Nuwambar 2016, makonni kaɗan kafin zaɓe, Shugaba John Mahama ya buɗe sabuwar gadar, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Dubai. Gadar ta sauƙaƙa wa mai motar kansa wucewa ta sama. Mai shiga trotro dai har yanzu a ƙasa yake, cikin cunkoso. A ƙarshen wannan shekarar aka fara motocin Aayalolo daga Amasaman zuwa tsakiyar gari, amma da yake ba a keɓe musu hanyarsu ta kansu a mafi yawan tafiyar ba, suka shiga cunkoson da aka kawo su su magance.

Shugaba Nana Akufo-Addo ya zo a 2017 ya kafa ma'aikata sukutum domin jiragen ƙasa. A Nuwambar 2019 aka sa hannu a birnin Johannesburg kan yarjejeniyar Sky Train, jirgin da aka ce zai riƙa tafiya a kan ginshiƙai bisa titunan Accra. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: shekara biyu bayan haka ministan ma'aikatar, John Peter Amewu, ya fito fili ya ce aikin ba zai yiwu ba. A 2025 aka gurfanar da tsofaffin shugabanni biyu na asusun zuba jari kan manyan ayyuka na Ghana a kotu, kan dala miliyan 2 da aka biya da sunan aikin, zargin da suka musanta.

Abin da aka gina a zahiri shi ne layin Tema zuwa Mpakadan, mai tsawon kilomita 97, wanda kamfanin Afcons na Indiya ya yi da bashin bankin Indiya, aka buɗe shi a Nuwambar 2024. Aiki ne babba, sai dai bai shigo cikin Accra ba, kuma jiragensa da aka sayo daga Poland ba za su iya shigowa ba. Faɗin sabon layin milimita 1,435 ne, na tsohon da ya bi ta Circle kuma 1,067. Da Mahama ya dawo mulki a Janairun 2025, ya rage yawan ma'aikatu, ya mayar da harkar jiragen ƙasa ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, kuma babban shirinsa na ayyuka ya fi ba hanyoyin mota ƙarfi.

Albasa ta koma Kotoku, jirgi bai bi ta ba

Wanda yake son ganin tsadar wannan sakaci sai ya dubi kasuwar albasa. A Yulin 2021, ƙarƙashin ministan lardin Accra na lokacin, Henry Quartey, aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka mayar da su Adjen Kotoku, kusan kilomita 30 daga tsakiyar gari. Kasuwa ce da Hausawa da Zabarmawa suke da ƙarfi a cikinta, kuma kaso mai yawa na albasar daga Nijar ake kawo ta.

Dalilin gwamnati shi ne rage cunkoso da ƙazanta a bakin Odaw, kuma dalili ne da ake iya fahimta. Sai dai kasuwa ta tashi, mutane ba su tashi ba. Dillali yana zaune a Nima ko Sabon Zango, mai sarin buhu ɗaya tana sayarwa a Maamobi ko Malata, mai dako yana kwana kusa da tsohuwar kasuwa. Kowannensu yanzu sai ya bi hanyar Nsawam ta Achimota da Ofankor da Pokuase, ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi cunkoso a birnin. Kuɗin mota da lokacin da aka ɓata a hanya, a ƙarshe kan farashin albasar suke komawa.

Abin takaicin shi ne Kotoku tasha ce a kan wannan layin dogo, har ma a nan ne layin da ya fito daga Huni Valley yake haɗuwa da na gabas. Tsohuwar kasuwar ma a gefen layin take. Da akwai jirgin da ake iya dogara da shi safe da yamma, da tashin kasuwar bai zama horo ga ƙananan 'yan kasuwa ba.

Tsoron da ke bayan kalmar "gyara"

Me ya sa ba a jin 'yan zango suna matsa lamba a kan jirgin, alhali su ne za su fi amfana? Wani ɓangare na amsar tsoro ne. A Accra, talaka ya saba ganin cewa inda aka ambaci gyaran gari, katafila ce ke fara isowa. Makonni kaɗan bayan ambaliyar 2015 hukumar birnin ta rushe wani yanki na Old Fadama. Mazauna gefen layin dogo sun sha samun wa'adin tashi, har ƙungiyar Amnesty International ta yi gargaɗi a kai a 2011.

Nima ma tana da nata. A jawabinsa ga majalisa a Fabrairun 2019, Akufo-Addo, wanda gidansa yake a unguwar, ya yi albishir da shirin sake gina Nima, ministan gidaje Samuel Atta Akyea kuma ya yi ta bayanin manyan benaye da za su maye gurbin gidajen yanzu. An yi alkawarin ba za a kori kowa ba, amma shirin bai tashi daga takarda ba, kuma ya bar mutane da tambayar da ba a amsa ba. Nima da Maamobi suna zaune ne a kan fili mai tsada, tsakanin fadar shugaban ƙasa da unguwannin masu kuɗi na kusa da filin jirgin sama. Idan jirgi ya fara tsayawa a Circle kullum, darajar filin za ta ƙaru, kuɗin haya zai bi ta.

Tsarin mulkin Ghana ya tanadi diyya ga wanda gwamnati ta karɓe wa dukiya. Mai takardar fili shi ne ke da ƙafar tsayawa a nan. Mafi yawan mazauna zango kuwa 'yan haya ne a ɗaki ɗaya, gidaje da yawa kuma na gado ne da ba a taɓa yi musu rajista ba. Akwai kuma tsohon tabo: dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwambar 1969 ta raba iyalai da dama a zanguna, kuma har yau wanda aka haifi kakansa a Nima yana iya fuskantar tambayar daga ina ya fito idan ya je neman katin ɗan ƙasa. Mutumin da ake shakkar zamansa ɗan ƙasa ba ya saurin ɗaga murya a kan diyya.

Siyasar yanki da layin arewa

Layin Tema zuwa Mpakadan an tsara shi ne a matsayin zangon farko na dogon da zai kai Wagadugu, tafiyar kusan kilomita 1,000. Ga ɗan kasuwar Maradi ko Tawa da ke jigilar albasa da dabbobi zuwa kudu, wannan shi ne layin da zai canja lissafi. An ga muhimmancin hanyar a Agustan 2023, lokacin da rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar ya tsayar da motocin albasa a hanya, farashi ya tashi a kasuwannin Accra.

Amma siyasa ta canja. Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025. Mahama ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey wakili na musamman ga ƙawancen AES, kuma a Maris na wannan shekarar ya je Bamako da Yamai da Wagadugu, domin tashar Tema tana buƙatar kayan Sahel. Sai dai zumunci ba ya shimfiɗa dogo. Ghana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a Disambar 2022, ta shiga shirin IMF na dala biliyan 3 a 2023, yankunan Burkina da layin zai ratsa kuma suna fama da rashin tsaro.

'Yan Nijar sun san ƙarshen layin da aka gina domin biki. Dogon Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, an buɗe shi a 2016, bai kai ga haɗuwa da na Benin ba, ya zauna babu jigila. Layin Kano zuwa Maradi, mai kilomita 284, an ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kuma an sha ɗaga ranar kammalawa. A ɗaya ɓangaren, Dakar ta ɗauki filin tsohon layinta ta gina jirgin TER zuwa Diamniadio, kilomita 36, ya fara aiki a Disambar 2021. Legas ma layinta na Red Line, da aka buɗe a 2024, filin dogon da yake akwai ya bi. Biranen da suka samu jirgin fasinja a yankin sun fara ne da gajeren layi a inda mutane suka yi yawa.

Abin da ya rage ga zanguna

Akwai hujja mai ƙarfi a wajen masu cewa kashe kuɗi kan ƙaramin layi asara ce, tunda manufar Ghana ita ce duk sabon dogo ya zama mai faɗi. Akwai kuma ƙungiyoyin direbobin trotro, irin su GPRTU, da babu gwamnatin da ke son ɓata musu rai. Amma dukiyar da ke Circle ta wuce tsoffin ƙarafa: fili ne miƙaƙƙe da ya ratsa tsakiyar birni, wanda ba za a iya sayen irinsa yau ba. Kowace shekara da aka bar shi, ana ƙara gini a kansa, kuma rusau ɗin da za a yi wata rana yana ƙara girma.

Tun 2018 Nima da Maamobi suna da ƙananan hukumominsu, Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, ga sarakunan zango da limamai da 'yan majalisa, ga kuma ƙuri'un da manyan jam'iyyun biyu ke zawarci kowane zaɓe. Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 ya nuna cewa ana iya sa gwamnati ta saurara. Shirin GARID na Bankin Duniya, na dala miliyan 200 da aka amince da shi a 2019 domin magance ambaliyar Odaw, ya riga ya sa Nima cikin unguwannin da zai gyara, wato akwai teburin da ake zama.

Buƙatun da za a kai wannan tebur ba su da yawa. Na farko, jirgin fasinja mai jadawali tsakanin Accra da Nsawam, da tarago na ƙananan kaya da zai tsaya a Kotoku da Circle. Na biyu, a ƙidaya duk wanda ke zaune ko kasuwanci a gefen layin kafin a buga alamar rusau, ɗan haya da mai gida, ɗan ƙasa da baƙo. Na uku, a taimaka wa gidajen gado na Nima da Maamobi su samu takardu tun filin bai ƙara tsada ba. Zaɓe mai zuwa a Ghana sai 2028, kuma alkawarin jirgi zai sake dawowa dandalin kamfe. Wanda ya zo neman ƙuri'a a Nima, a fara tambayarsa ranar da jirgin Kotoku zai tashi, da kuma inda za a kai mutanen da ke gefen layin.