Malam Ma Yana Buƙatar Malami

A wannan makon Ƙungiyar 'Yan Jarida ta zo da magana a kan malamai. Muna neman afuwa tun kafin mu fara, domin mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Shawara ce kawai muka kawo, mu 'yan aji biyu.

Abin da ya jawo maganar shi ne hirar da muka yi da wata 'yar ajinmu wadda ta yi firamare a makarantar Katolika kafin iyayenta su dawo Gwadangaji. Ta ce mana a can, duk lokacin da za a koma hutu, malamai suna riga ɗalibai dawowa da kwana ɗaya. Ranar ba sa rubuta darasi, ba sa duba rajista. Suna zama da Fada su yi addu'a, su karanta Littafi Mai Tsarki, kowa ya yi shiru ya duba halinsa: yaya na riƙe yaran da aka ba ni amana? Da muka ji haka sai wasu suka yi dariya, wai malami kuma wane karatu ya rage masa. Amma da muka bincika, sai muka ga maganar tana da tushe.

Mabiya ɗarikar Katolika sun daɗe da wannan tunani. Wani limaminsu ɗan ƙasar Faransa mai suna De La Salle ya buɗe makarantar horar da malamai a garin Reims a shekarar 1685, saboda ya lura cewa masu koyar da 'ya'yan talakawa su ma ba su samu wanda ya koyar da su ba. Yana koya musu karatu, yana kuma koya musu haƙuri da addu'a. A shekarar 1950 cocin Katolika ta ayyana shi a matsayin waliyyin malaman makaranta. A nan Arewa ma, akwai cibiya a Malumfashi ta Jihar Katsina inda ake horar da masu koyar da addinin Kirista a ƙauyuka kafin a tura su aiki.

Kada wani ya ce wannan al'adar baƙi ce. Mu ma a ƙasar Gwandu mun gaje ta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake Gwandu nan kusa da mu, ya rubuta tafsirin Alƙur'ani mai suna Diya'ut Ta'wili. Duk da wannan ilimi, ya zauna ya rubuta wani littafi daban ya jera sunayen malaman da ya yi karatu a gabansu da abin da kowanne ya koya masa. 'Yar ɗan uwansa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Jajis, wato shugabannin matan ƙauyuka, suna zuwa wurinta su ƙaro karatu, sannan su koma su koyar da sauran mata. In sun koma ba shi ke nan ba, suna sake dawowa. Ashe tun da can an gane cewa randar da ake ɗiba kullum sai an riƙa ƙara mata ruwa.

To yaya abin yake a makarantun gwamnati irin tamu? Yawancin malamanmu sun yi shekara uku suna neman takardar NCE, wasu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Bayan nan sai aji, sai alli, sai hayaniyarmu daga safe har azahar. In an kira su taron ƙara wa juna sani, abin da muke ji shi ne na lissafi, ko Turanci, ko yadda ake cike takardun jarrabawa. Ba mu taɓa jin an kira malamai taro a kan haƙuri, ko adalci, ko yadda za a yi da fushi ba. Alhali su ne suke tsayawa a gabanmu a asambuli suna yi mana wa'azi.

Ba za mu kama suna ba, amma akwai ranar da aka koya mana darasi a kan tausayi, har muka rubuta shi a littafi. Ba a tashi daga wannan darasin ba sai ga wata yarinya ta shigo a makare, aka zane ta ba tare da an tambaye ta dalili ba. Daga baya muka ji cewa ƙanenta ta raka asibiti. Yau in ka tambayi 'yan ajinmu me suka riƙe daga ranar, bulalar za su ce maka, darasin kuwa ya tafi. Mu yara abin da muka gani ya fi zama mana a rai a kan abin da muka ji. Ba mu ce malamin mugu ne ba. Mun fi zaton gajiya ce ta yi masa yawa, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ji damuwarsa.

Saboda haka ga roƙonmu ga Shugaban Makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai. A ware rana ɗaya a farkon kowane zango ta zama ta malamai kaɗai. Malamai Musulmi su zauna da wani malamin da suka yarda da iliminsa, malamai Kirista su zauna da Fada ko Fasto, kowa a kan addininsa, ba tare da an cakuɗa ba. Bayan nan su haɗu a ofis su tattauna abin da ya shafe su duka: riƙon amana, rashin nuna bambanci tsakanin ɗalibai, da hukunci daidai da laifi. Wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, tabarma da ruwan sha sun isa.

Mun san wasu malamai za su ce albashi ba ya isa, aji ya cika, ga hidimar gida, ina lokacin wani zama kuma? Gaskiya ne, kuma muna ganin wahalarku. Amma wanda nauyi ya yi wa yawa shi ya fi buƙatar wurin sauke shi. Rana ɗaya cikin zangon da ya kai wata uku ba za ta hana a gama manhaja ba.

Mu ma ɗalibai muna da namu laifin. Surutu da makara da rashin yin aikin gida suna ƙona wa malami rai. Mun ɗauki alkawarin gyarawa. Duk wanda yake da ra'ayi a kan wannan magana, ɗalibi ko malami, ya rubuta ya saka a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis, za mu liƙa amsoshin a nan mako mai zuwa.



Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ƙaramar sakandare, aji biyu.