Kod ɗinka ya yi aiki, amma ka koma ka gyara shi?

A ajin aikin jarida, ba a miƙa labari daga rubutun farko, sai ka koma ka tace. Amma mu da ke koyon Python ba ma yi wa kod ɗinmu wannan adalcin. Da zarar ya yi aiki, ko da daga ChatGPT aka kwafo shi, shi ke nan, sai ɗaukar hoto a ɗora a sitatus.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na haɗa wata 'yar manhaja da ke fito da labarai goma-goma a kowane shafi. Layi takwas na rubuta, masu bin jerin labaran ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa, kuma na liƙa su a wuri uku. Ranar da na so mayar da goman sha biyar, na canza biyu na manta ɗaya. Labarai suka riƙa maimaituwa, na kwana ina neman inda matsalar take.

Alhali Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana da hanyar yanko sashe a layi ɗaya: labarai[10:20]. Ƙirga tana farawa daga 0, kuma ba a haɗawa da lambar ƙarshe, don haka za ka samu labari na 11 zuwa na 20. Idan labarai 14 kawai ke akwai, zai ba ka huɗun da suka rage ba tare da manhajar ta tsaya ba.

Wannan shi ne rifaktorin, wanda Martin Fowler ya yi littafi a kansa a 1999: ka sauya tsarin kod ba tare da sakamakonsa ya sauya ba. Shi ya sa dole ka gwada kafin gyara da bayansa.

Wani zai ce, abin da ke aiki a ƙyale shi mana. Gaskiya ne, idan ba za ka sake taɓa shi ba. Amma kod ɗin da za ka nuna wa mai ba ka aiki, mutum ne zai karanta shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yau da dare ka buɗo tsohon aikinka, ka nemo inda ka maimaita abu ɗaya, ka haɗe shi wuri guda.