Baƙon Haɗeja da Tukunyar Mutane

Wata gardama ta taso a tsakaninmu a ɗakin kwana, aka kai tsakar dare ba a rabu ba. Wani ɗan'uwanmu ne zai tafi Haɗeja shi kaɗai domin ya ga tsuntsayen fadama, sai ya tambaya ko ya kamata ya buga waya wani gidan abinci tun daga nan ya ce a ajiye masa wuri. Wasu suka fashe da dariya, suka ce wannan ai ɗabi'ar Turawa ce, wa ya taɓa kama kujera wurin mai tuwo? Mu da muke rubuta wannan shafi mun yi dariyar tare da su, amma da muka kwana da zancen sai muka ga tambayar ba ta wauta ba ce.

A biranen yawon buɗe ido irin su Faris da Rum, abin da yake ƙaranci shi ne wurin zama. Baƙi sun fi kujeru yawa, shi ya sa mutum yake aika sunansa tun da kwanaki. A Haɗeja kuwa ba a rasa benci ko tabarma. Abin da yake ƙarewa shi ne abin da ke cikin tukunya. Mai abinci ta san yawan mutanenta na kullum, 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata, gwargwadonsu take auna shinkafa, domin abin da ya kwana asararta ce. In an kankare tukunya, ko nawa ne a aljihunka sai dai ka nemi mai shayi.

Sabo da haka muna ganin wanda zai kwana cikin gari a ranar da ba ta wani sha'ani ba, ba ya bukatar ya kira kowa. Ya isa da rana tsaka, ya nufi tasha ko bakin kasuwa, zai ci ya ƙoshi. Garin da kifinsa, ɗanye da banda, yake kaiwa har kudancin ƙasar nan ba zai bar baƙo da yunwa da azahar ba.

Amma ai ba zaman tasha ke kai yawancin matafiya can ba. Abin da ke jansu shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, musamman dajin Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, wanda aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Da sanyin hunturu tsuntsaye kan ƙetaro Sahara daga Turai su sauka nan. Mai son ganinsu dole ya yi sammako, kuma in ya shiga kwale-kwale ba shi ke da ikon lokacin dawowarsa ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta sāke, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har wurin da ake gani kusa ya kan ci rabin yini. A waɗannan ƙauyuka babu gidan abinci mai allo a ƙofa. Duk loma da baƙo zai ci daga tukunyar wani gida za ta fito.

To, a nan ne muke da magana da 'yan'uwanmu ɗalibai masu zuwa bincike da kuma sababbin ma'aikata da ake turawa rangadi. Mun saba mu faɗa wa mutane kwatsam, muna dogara da cewa Bahaushe ba ya barin baƙo da yunwa. Gaskiya ne ba ya bari. Sai dai ba mu cika tambaya ko kwanon wa aka ɗauko aka ba mu ba. Mu kanmu mun taɓa yin wannan kuskure. Mun isa wani ƙauye bayan isha'i ba tare da mun aika ba, maigidan ya karɓe mu da fara'a, aka kawo tuwo da miyar kifi muka share. Sai da gari ya waye muka fahimci cewa rabon yaran gidan na ɗumame ne muka ci. Ba wanda ya ce mana uffan, wannan shirun kuwa ya fi faɗa ciwo.

A tuna kuma cewa ambaliyar 2020 da ta 2022 ta cinye gonaki masu yawa a wannan yanki na Jihar Jigawa. Manomin da ruwa ya kwashe masa shinkafa ba zai faɗa wa baƙo cewa rumbunsa wayam yake ba. Zai yanka kazar da yake tattali. Mutumin da yake karɓar albashi ko kuɗin guzuri bai kamata ya ɗora wa irin wannan gida nauyinsa ba shiri ba.

Wasu za su ce aikawa da saƙo tana kashe daɗin tafiya, wai matafiyi na gaske shi ne mai tafiya inda ƙafa ta kai shi. Mun ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mafi daɗin furar da muka taɓa sha ba shirya ta muka yi ba. Amma masu tafiya su biyar in sun makara sai su haɗa kuɗi a ɗora musu sabuwar tukunya, alhali kuwa ba mai hura wuta da dare sabo da mutum guda. Balle mace mai tafiya ita kaɗai, wadda ba za ta iya zama teburin mai shayi cikin maza ƙarfe goma na dare ba. Ita kam tilas ta san inda abincinta zai fito kafin ta bar gida.

Haka nan da azumi, inda masu abinci da yawa ba sa ɗora tukunya sai la'asar, da kuma kwanakin Salla, lokacin da jama'a ke cika gari domin kallon hawan Sarki, kowa kuma a gidansu yake ci. Baƙon da bai san kowa ba zai iya yini cikin kaɗe-kaɗe da dawaki cikinsa na kuka.

Abin da muka ce wa ɗan'uwan namu shi ne kada ya nemi a ajiye masa kujera, don za a yi masa dariya a waya. Ya kira mai masaukinsa ko mai kwale-kwalen da zai ɗauke shi, tun ana gobe, ya ce ga ranar da zai iso, shi kaɗai ne, a sa da shi a awo. Ya aika da kuɗin cefane, ko ya riƙo gero da sukari da goro a hannu in yana jin kunyar ba da kuɗi. In kuma tafiyar ta fasa ya sake kira, kada a dafa ya kwana. Ya sa dabino da ƙuli-ƙuli a jaka sabo da kwale-kwale. Ya ce zai tashi ranar Alhamis da motar farko.